Gogen Halvard a Hannun Tuva

Halvard Nesheim na son Sindre ya ci gasar nan ruwa a jallo, kuma bai ɓoye wa kowa ba. Tun yaron bai fi tsayin teburi ba uwarsa ta kawo shi gidan Halvard da ɗan ƙaramin goge a hannu, yana jan sanda a kan tsirkiya har karen maƙwabta ya kama haushi. Yau ga shi saurayi, ya kai wasan ƙarshe na gasar matasan masu goge, inda wanda ya zo na ɗaya ake kai shi manyan birane ya yi wasa, sunansa ya fita daga wannan gari nasu na ruwan sama da warin kifi.

Halvard ba ya cikin alƙalai. Shi ne shugaban masu goge na ƙungiyar makaɗan gari, mai kujerar farko a gefen madugu mai jagorantar kiɗan, kuma ƙungiyar ce ke raka kowane ɗan takara. Aikinsa ya raka, ya ja bakinsa ya yi shiru, wanda shi ne ya fi ba shi wuya.

Sindre ne ya fara hawa dandamali ranar Asabar ɗin da aka yi wasan ƙarshen. Ya yi kiɗa mai tsabta, ba gargada, kuma da aka tafa masa Halvard ya ji daɗi har ya rasa inda zai sa kansa. A lokacin hutu ya zauna a ɗakin baya da kofi da waina mai ɗumi da cuku a kai, yana murmushi shi kaɗai.

"Rufe bakin mana, kada ƙuda ya faɗa," in ji Gunvor, wadda ta tsufa tana zama kusa da shi suna duba takardar kiɗa ɗaya. "Sai ka ce kai ka haife shi."

"Kin ji yadda ya sauko daga sama a ƙarshen nan? Ni na koya masa."

"Mun ji, mun gode. Amma ba a gama ba tukuna, saura yarinyar arewa."

"Tuva? Tana da hannu, ban ce ba ta da shi ba. Sai dai gogenta kamar akwatin lemo."

"Ai sai ka ara mata naka."

Ya harare ta, ta kwashe da dariya, domin kowa ya san Halvard zai ba ka makullin motarsa kafin ya bari ka taɓa gogen nan.

Tuva Eikeland ta fito cikin doguwar riga kore wadda ta ɗan yi mata yawa, ta gyaɗa wa madugu kai. Tun jan farko Halvard ya san akwai magana. Yarinyar ba ta da tsabtar Sindre, amma tana kiɗa kamar mai ba da labarin da ya faru da ita jiya, har masu tarin cikin zaure suka haɗiye tarinsu. Ya ci gaba da raka ta, yana lallashin kansa cewa alƙalai tsabta suke so.

Ana tsakiyar kashi na ƙarshe, inda kiɗan ke gudu, sai aka ji tas! Siririyar tsirkiyarta, ɗaya daga cikin huɗun da ke jikin irin wannan goge, ta tsinke ta naɗe a wuyan gogen. Allah ya taimake ta, wurin ya zo daidai inda ƙungiya ke kiɗa ita kaɗai, saura 'yan numfashi kafin ta sake shiga. Ta juyo ta dubi Halvard, idanunta a waje.

Al'adar ba ta da gardama: in tsirkiyar mai wasa ta tsinke, na kujerar farko ke miƙa nasa. Amma Halvard ya san ana iya miƙawa da nawa. Tsoho ne, in ya ɗan yi jinkiri wa zai zarge shi? In ya yi haka, wurin shigarta zai wuce, madugu ya tsayar da kiɗa, ta fita ta ɗaura sabuwar tsirkiya, ta dawo hannu ya yi sanyi, wutar ta mutu. Tunanin ya zo masa sarai, ya kuma yi masa daɗi, shi ne abin da ya ba shi kunya.

Ya miƙe rabin tsaye ya ɗora mata gogensa a hannu, ya karɓi nata. Da ya tsaya nan, da ya cika al'ada. Amma ya san halin kayansa, ya san inda yake wa baƙo gardama.

"Tsirkiya mai kaurin tana da taurin kai," ya raɗa mata. "Danna ta sosai, kada ki ji tsoro."

Gunvor ta riga ta tura masa nata gogen, ta ɗora na Tuva a cinya, tana zaro sabuwar tsirkiya daga aljihu tana gunaguni. Tuva ta kafa haɓa, ta shiga daidai kan gaɓa.

Sai Halvard ya ji abin da bai taɓa ji ba. Duk tsawon zamansa da gogen nan, a ƙarƙashin kunnensa yake jin sa, da ƙarar gashin sanda da komai. Yau ya ji shi daga waje, muryar ta tashi ta cika zauren har bangon baya. Yarinyar ta danna mai kaurin kamar yadda ya ce, ita kuwa ta buɗe mata. Ashe haka mutane ke ji? Ya so ya yi baƙin ciki saboda Sindre, amma farin ciki ya riga shi shiga, ya raka ta da gogen aro kamar babu wata gasa.

Alƙalai ba su daɗe a ɗaki ba. Tuva ta ɗaya, Sindre na biyu. Ta kawo wa Halvard gogensa da hannu biyu tana kuka tana dariya, ya ce mata ta je iyayenta na jira, ya goge gumin haɓarta daga jikin itacen ba tare da ya yi tsaki ba.

Sindre ne Halvard bai san yadda zai dube shi ba. Ya same shi a ƙofar baya, rataye da akwatin gogensa, yana kallon ruwa na zuba, idanunsa sun yi ja.

"Na ga bakinka ya motsa, tsoho," in ji Sindre. "Me ka ce mata?"

Halvard ya gaya masa, bai rage ko kalma ba.

"Wato da hannunka ka kayar da ni ke nan."

"Da hannuna."

Yaron ya ja hanci. "To gaya mini gaskiya. Ta fi ni?"

Halvard bai taɓa yi masa ƙarya a kan kiɗa ba, ko sa'ad da ƙaryar za ta share hawaye. "Yau ta fi ka."

Sindre ya gyaɗa kai a hankali, sai wata 'yar dariya ta kufce masa. "Ina bayan labule lokacin da tsirkiyar ta tsinke. Na ce shi ke nan, na ci. Da ta sake shiga kuma, sai na manta ma ina so ta faɗi."

"Ni ma," in ji Halvard.

Ya buɗe lema, yaron ya matso ƙarƙashinta, suka gangara tashar mota suna kare akwatunan biyu daga ruwa, kafaɗunsu na jiƙewa.