Awa Biyu Da Rabi Daga Jidda

Ni Ja'afaru, shekara arba'in ina tuƙa kwalekwale a Guri, ban taɓa kuskuren lissafin tafiya ba, kuma ba na son a koya mini. Shi ya sa da ɗana Misbahu ya turo mini hoton tikitin uwarsa, ban tambayi kowa ba. Tashi daga Jidda ƙarfe ɗaya, sauka a Kano uku da rabi. Awa biyu da rabi ke nan, ko makaho ya gani.

Matata Talatu, Umara ta je. Ranar da za ta tafi ta durƙusa ta ce, "Malam, ka yafe mini." Ni kuwa haushi ya cika ni, ta riga ni ganin Ka'aba, sai na kau da kai na ci gaba da ɗinkin komata ta kamun kifi.

Ranar dawowarta, sha ɗaya daidai a agogona, ta kira. "Malam, mun shiga jirgi, za a kashe waya." Na ce a raina ashe sun yi sammako. Na ƙirga, ɗaya da rabi tana Kano.

Aka yi azahar, shiru. Ƙarfe biyu na kira, wayarta a kashe. Na kira Misbahu, wanda ya tafi tarbarta, ba ta shiga. An ce jirgin ta kan Bahar Maliya yake bi, ni kuwa na san ruwa. Da hannuna na tsamo mutum bakwai a kogin nan, biyu kuma har yau ba a gan su ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na ga matata ta tafi ban yafe mata ba.

Bakina ne ya ja. Na faɗa wa ƙanwarta 'Yar'azumi cewa jirgi ya wuce lokacinsa da awa guda. Kafin la'asar gidan ya cika da mata, wasu na salati, wasu sun fara kuka. Na zauna a zaure.

Wajen biyar saura waya ta yi ƙara. Misbahu ne. Na ɗauka.

"Baba, sun sauka lafiya, kan lokaci."

"Wane lokaci? Awa biyu da rabi fa!"

"Huɗu da rabi ne, Baba. Agogon Jidda ya riga namu da awa biyu. Ga ta."

Na ji numfashinta. Na buɗe baki, sai ta riga ni.

"Malam, kukan me nake ji a gidan? Innalillahi! Wa ya rasu?"

Na rasa bakin da zan ce mata ita ce.