Saƙon da Ya Zo da Sunan Baffa Bilal

Shekara biyu Rahma ta yi tana aikin wasiƙun gidansu. Mahaifinta, Alhaji Hamid, ya gaji wata adaka cike da takardun da kakanninsu fatake suka riƙa aikowa daga garin Gadamus, can ƙetaren hamada, zuwa Kano, cikin rubutun Magaribi mai wuyar karatu. Kullum bayan la'asar, in ta dawo daga makarantar da take koyarwa, sai su zauna a soron gidansu na unguwar Sheshe. Ita ta ɗauki hoton takarda, shi ya karanta ya fassara, tana naɗar muryarsa a kwamfutarta. Bara da azumi Allah ya yi masa rasuwa, ya bar mata murya ɗari da arba'in da 'yan kai, duk a cikin kwamfutar nan.

Wata Asabar da hantsi saƙon imel ya shigo mata da sunan Baffa Bilal, ƙanin mahaifinta da ke zaune a Tarabulus. Layi ɗaya ne, wai ga hotunan tsohon gidansu na Gadamus, ta buɗe ta gani. Da Turanci aka rubuta, Baffa kuwa bai taɓa yi mata Turanci ba. Abin ya ɗan tsaya mata a rai, amma ta daɗe tana roƙonsa hotunan nan, sai ta danna fayil ɗin da aka maƙala. Babu abin da ya buɗe. Ta sake dannawa, shiru. Ta bar kwamfutar a kunne ta tafi ɗora girki.

Da ta dawo ta tarar sunayen fayilolinta sun koma wasu haruffa marasa ma'ana. Ta danna muryar farko, ta ƙi. Ta danna ta biyu, ta goma, ta hamsin. Ƙaurin shinkafa ne ya tashe ta daga wurin.

Bayan azahar ta saka hijabi ta nufi Ƙofar Wambai, shagon Malam Zaharaddeen mai gyaran kwamfuta, wanda ke saman bene kusa da masu robobi. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Abin da ya fara yi shi ne raba kwamfutar da intanet, sannan ya nuna mata cewa fayil ɗin ba hoto ba ne, manhaja ce aka yi wa suna irin na hoto. Ya ce da alama an sace akwatin imel ɗin baffan nata, da shi aka aiko wa duk wanda ya sani.

"Malama, kina da kwafi a filas?" ya tambaye ta.

Ta ce ta sayi filas ɗin tun kafin rasuwar, yana cikin durowa, ko ledarsa ba ta ɓare ba. Ya ce ta ba shi kwana uku, kuma kada ta sa rai da yawa.

Kwana ukun nan ba ta iya cin abincin kirki ba. A aji ta rubuta darasi a allo ta manta me ta rubuta. Ta kira Baffa Bilal, ya rantse bai aiko mata komai ba, wata guda ke nan ma ya kasa shiga imel ɗinsa. Ya tambaye ta ko lafiya, ta ce lafiya lau, ta kashe wayar.

Ranar Talata Malam Zaharaddeen ya kunna mata kwamfutar. Ya wanke ta tas, ya saka mata manhajar kariya, ya sa ta canza kalmar sirri a gabansa. Ya ce daga yau duk fayil ɗin da ba ta jira ba, ko daga wa ya fito, ta kira mai shi tukuna kafin ta taɓa. Hotunan wasiƙun ya ceto mafi yawansu. Muryoyin kuwa, sha ɗaya kawai suka dawo. Ya ƙara da cewa muguwar manhajar nan ta aika kanta ga duk mutanen da ke cikin imel ɗinta, gara ta sanar da su yau.

A kan matattakalar benen ta zauna ta fara kira. Shugabar makarantarsu ta riga ta buɗe, ta yi mata faɗa sosai. Biyu daga cikin dangi ba su ma gani ba. Ta bar yayarta Nusaiba, wadda ke aure a Zariya, a ƙarshe.

Nusaiba ta ce ba ta buɗe komai ba, sannan ta tuna mata alkawarin da ta yi na turo muryar Baba, yara suna ta tambaya.

"Yaya, muryar Baba ta tafi," in ji Rahma. "Sha ɗaya suka rage."

Can Nusaiba ta tambaya, a hankali, waɗanne ne suka rage.

"Ban sani ba. Na kasa kunnawa."

Nusaiba ta ce kada ta kunna ita kaɗai, ta jira ta, ranar Juma'a za ta shigo Kano. Rahma ta ce to. Ta rungume kwamfutar a ƙirji, ta sauko ta shiga cunkoson kasuwa.