Tsohon Keken Malam Luke

Malam Luke mutumin kirki ne, amma yana da hali guda da ke ba ni haushi: in zai yi maka alheri ba ya tambayarka. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu a Kafanchan, saboda haka na san abin da nake faɗa.

Matarsa Faustina, wadda muke kira Maman Jason, tana koyarwa a wata makarantar yara can ƙarshen gari, hanyar Kagoro. Tun da fetur ya yi tsada, okada ta fi ƙarfinta, ta koma tafiya a ƙasa, kuma kusan kullum sai an gama taron safe take isa. Da za a tafi hutu, shugabar makarantar ta faɗa mata gar da gar: in aka dawo ta sake makara, to ta nemi wani aikin. Ranar ko abinci ba ta iya ci ba.

Shi kuwa gogan naka bai nemi shawarar kowa ba. Ya shiga ɗakin ajiya ya jawo tsohon kekensa na hawan dutse, wanda ya saya a hannun wani malamin mishan tun yana saurayi. Ciwon gwiwa ne ya raba shi da keken, har kaji suka mai da shi wurin kwana. Ya tura shi a ɓoye ya kai wa Saifuddeen mai gyaran keke a bakin kasuwa.

Aiki kam an yi. Aka cire tayoyin nan masu haƙora aka sa masu santsi na kwalta. Miƙaƙƙen kan keken da ke sa mutum ya duƙa kamar mai noman citta, aka musanya shi da mai lanƙwasa, a zauna a miƙe. Sirdi mai faɗi, madigadi saboda taɓon damina, kwando a gaba, kariya a baya don littattafan yara. Malam Luke da kansa ya zaɓo fedoji sababbi masu ƙyalli, ya kuma dage sai an shafa fenti kalar zanen zumuntar matan cocinmu.

Ana saura mako a koma makaranta ya shigo da shi tsakar gida, yana kaɗa ƙararrawa, baki har kunne. Na leƙo ta katanga, don ba a barina a baya.

"Maman Jason, fito ki ga motarki!"

Ta fito tana goge hannu. Ta zagaya keken, ta shafa sirdin, sai kawai ta zauna a kan turmi ta fashe da kuka.

"Kalar ne bai yi ba?" in ji shi.

"Baban Jason, ni ban iya keke ba."

"Kaman yaya? Ba da wannan keken muke zuwa Kagoro ba lokacin da nake nemanki?"

"A kan sanda nake zama, kai kake tuƙi! A gidanmu keke na Baba ne, yarinya ko taɓawa ba ta yi."

Shekara da shekaru suna tare, mutumin nan bai taɓa lura ba. Na so in yi dariya, amma da na ga yadda ya tsaya da hannu a kan ƙararrawa, sai tausayinsu ya kama ni su duka biyun.

Babbar matsalar ma ba koyon ba ne, kunya ce. Faustina ce ke ba da waƙa a zumuntarmu, ta ce gara a kore ta daga aiki da yaran unguwa su ga ta yi warwas a titi. Malam Luke kuma gwiwa ba za ta bar shi ya bi ta da gudu yana riƙe da ita ba. Sai na tsallako na ce, "Mu matan zumunta mutuwa muka yi?"

Washegari bayan sujada muka tsaya a filin bayan coci, muka kori maza da yara. Saifuddeen ya ba da shawara a sauke sirdi ƙasa, a kuma cire fedojin tukuna, ta riƙa turawa da ƙafa har jikinta ya saba. Da hannunsa Malam Luke ya kwance fedojin nan da yake ji da su, ya zuba a aljihu, ya koma bakin hanya yana gadi.

Ta sa wandon motsa jikinsa a ƙarƙashin zane saboda sandar. Ta yi ta tafiya kamar agwagwa, muna biye da ita muna tafi. Ta faɗi, ta tashi, ta zage ni, ta sake hawa. Tsakiyar mako aka mayar da fedoji. Ranar Juma'a ta afka cikin kunyar dankali ta ƙuje gwiwar hannu, ta rantse ta gama. Asabar ita ta riga mu zuwa filin.

Litinin da sassafe ta ɗaure littattafai a kariya, Malam Luke ya yi addu'a mai tsawo har sai da na ce amin da ƙarfi don ya tsaya. Ta hau. Keken ya yi dama, ya yi hagu, a kwanar layi ta sauke ƙafa ɗaya. Sai ta sake takawa ta ɓace.

Ya ƙi shiga gida. Yana tsaye a ƙofa da waya a hannu har ta yi ƙara, ya buɗe murya don ni ma in ji.

"Baban Jason, na iso. Ko mai gadi bai buɗe get ba."

"Mun gode wa Ubangiji!"

"Ka gaya wa Saifuddeen ya ƙara wa kariyan nan ƙarfi. Kafin Kirsimeti ni zan ɗauke ka zuwa coci, ka huta da ɗingishi."

Malam Luke ya juya mini baya, wai wani abu ne ya faɗa masa a ido.