Baki Uku a Kan Balnacro

Tun da masu zana taswira suka shigo gundumarmu, tsoho Tormod ya hana kowa sakat. Shi ba ruwansa da tsaunuka da ƙoramun da suke ta aunawa. Abu ɗaya yake so, a rubuta Balnacro, ƙauyen da aka haife shi, wanda mai ƙasa ya kore su daga cikinsa shekara arba'in da suka wuce, ya cinna wa jinka wuta, ya zuba tumaki.

Sajan Gillies, mai riƙe wa masu taswirar littafin sunaye, mutumin kirki ne, yana kuma jin yarenmu. Sai dai an ba shi doka: suna ba ya shiga littafi sai baki uku sun faɗe shi iri ɗaya, kuma ba a sa wa kowa magana a baki.

"Baki uku?" in ji Tormod. "Ni da aka yanke cibiyata a wurin, sai an nemo masu gaskata ni?"

"Haka aka ce mini, Baba."

Tormod ya rasa gane kan wannan aiki. Jiya-jiya a gabansa aka rubuta sunan wani kududdufi da ko kare ba ya sha, don kawai makiyaya uku sun san shi. Ya ja tsaki, ya ɗauki sandarsa, shi da Sajan suka shiga gari cikin yayyafi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mu da aka sauko da mu bakin teku ba ma kiran sunan nan. Iyayenmu suka daina don baƙin ciki, mu kuma muka tashi muka tarar da haka. In magana ta biyo ta kansa, sai a ɗaga haɓa wajen tsauni a ce "can sama".

Suka fara da Ruairidh masunci, yana gyaran koma. Ya ce, "Can sama mana."

"Sunan wurin nake so," in ji Sajan.

"Ai sunan ke nan. Ko ba shi ba ne, kawu?"

"Kai dai an yi asarar kifin da ka ci!" in ji Tormod.

Makiyayin mai ƙasa, ɗan kudu, ya ce shi "makiyaya ta huɗu" ya sani. Fasto baƙo ne, ya ɗauko littattafan coci ya yi ta buɗawa, babu. Kan Tormod ya fara juyawa, har ya soma tambayar kansa ko shi ya ƙirƙiro sunan. Allah ya taimaka, Eachann makaho na jin tambaya ya ce "Balnacro" ba tare da inda-inda ba. Da na Tormod, baki biyu ke nan.

Saura Barabal, yayar Tormod, wadda ta haura tamanin. Suka same ta bakin murhu tana kaɗin ulu. Da ta ji abin da ya kawo su, fuskarta ta washe. Ta lissafo gidaje goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, daga na masaƙi har na gwauruwar da ke da jar saniya. Ta faɗi inda ake shanya hatsi, da dutsen da ake sauke makara a huta, da wanda ya fara ihu ranar wuta. Sajan ya tsoma alƙalami a tawada.

"Madalla, Inna. Sunan ƙauyen fa?"

Barabal ta buɗe baki. Ta rufe. Ta dubi ulun da ke cinyarta, ta dubi ƙofa.

"Tormod," ta ce a hankali, "me muke ce masa ne?"

Sunan ya zo har kan harshen Tormod. Sajan ya girgiza masa kai, shi ma idonsa ya yi ja. Wace irin doka ce za ta hana ƙane ya tuna wa yayarsa sunan garinsu? Tormod bai gane ba, ya dai haɗiye sunan.

Sajan ya jira har tawada ta bushe a bakin alƙalami. Ya sake tsomawa, ya ƙara jira. Daga baya ya sunkuya ya rubuta "kangaye" a gurbin sunan.