Gefen Sanyi na Akwatin Ƙadangare

Stanka ba ta taɓa ƙaunar wata halitta mai jan ciki ba, kuma tana da shekara sittin da takwas ba ta yi niyyar farawa ba. Amma ranar da jikanyarta Isidora ta ce uwarta ta rantse ƙadangare ba zai kwana a gidanta ba, sai bakin tsohuwar ya riga hankalinta.

"To ki kawo shi nan mana. Falon nan me yake yi in ba tara ƙura ba?"

Dabararta ba mai zurfi ba ce. Tun da ɗanta Velibor ya rabu da matarsa ya tafi aiki Jamus, yarinyar ta koma zuwa sau ɗaya a wata, ta ɗosana a bakin kujera kamar mai jiran mota, ta yi loma biyu ta gudu. Ƙadangare kuwa kullum sai an ba shi abinci. In yana gidan Stanka, dole Isidora ta riƙa hawo benen nan kowace rana bayan makaranta. Jikarta take so, kuma ba ta ɓoye wa kanta hakan ba.

Sai dai akwai Ratko, mutumin da ke kiwon su a bayan tashar jirgin ƙasa ta Sombor. Ƙadangare mai gemu ake ce wa irin nasa, kuma yana ba da su ne kamar mai ba da riƙon ɗa. Sharaɗinsa shi ne a kafa akwatin gilashi, a kunna fitilu, a bar shi babu komai ciki har kwana bakwai, sannan ya zo da kansa ya duba. Guda ɗaya ya rage masa a ƙyanƙyasar bana, kuma akwai wani gida da ke jira in wannan bai yi ba.

Ranar Asabar Isidora ta wuni tana haɗa akwatin. Ta sa faffaɗan dutse a gefe guda, fitilar zafi a samansa, wata doguwar fitila mai maye gurbin rana, sai ɗan kogon fakewa a ɗaya gefen. Ta manna ma'aunin zafi biyu, ɗaya nan ɗaya can. Da za ta tafi ta nuna kakarta da yatsa.

"Kaka, abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki taɓa komai."

"Ni? Ji min 'yar nan. Na reni ubanki har ya yi gemu, wani mai gemun ne zai gagare ni?"

Kwana biyu ta cika alkawari. Ranar Litinin tana goge gilashin, sai bayan hannunta ya gifta ta gaban 'yar ragar ƙarfen da ke ƙasan akwatin, ta ji wani abu. Ta kai hannu ragar da ke sama, ta sake ji. Iska ce ke shiga ta ƙasa tana fita ta sama. Promaya ce, muguwar iskar nan mai ratsa ɗaki, tsirararta, a cikin falonta.

A wajen Stanka, duk wata cuta da ta taɓa shiga gidan nan ta tsakanin taga da ƙofa ta shigo. Promaya ce ta sanƙarar da wuyan mijinta marigayi, ita ta ba Velibor ciwon kunne yana aji uku, kuma shekara arba'in ba a taɓa buɗe tagogi biyu lokaci guda a gaban idonta ba. Yanzu a ɗauko dabbar ƙasar zafi, 'yar jaririya, a ajiye ta a kan hanyar iska? Yaran zamani sun karanta komai, hankali ne kawai ba su karanta ba. Ta cusa auduga a ragar ƙasa, ta ninka tsohon mayafinta na ulu ta shimfiɗa a ta sama. A makon ne kuma aka saki ruwan zafin da ke ɗumama gidaje saboda hunturu, bututunsa da ke bayan akwatin ya ɗau zafi.

Kowace yamma Isidora takan bugo waya ta tambayi lamba, Stanka ta karanta mata ta gefen dutse. Ta ɗaya gefen kuwa tana kallonta tana hawa, talatin, talatin da uku, tana jin daɗi. Ko'ina ya yi ɗumi, babu inda ɗan talikin zai taka ya ji sanyi.

Asabar ta gaba da hantsi Ratko ya iso tare da Isidora, da ɗan kwali mai huji a cikin rigarsa. Stanka ta dafa sarma, naman da ake naɗewa a ganyen kabeji, tukunya guda, ta ɗora kofi. Mutumin ko kallon teburin bai yi ba, akwatin ya nufa, ya sunkuya, ya daɗe.

"Inna, wa ya yi wa akwatin nan lulluɓi?"

"Ni ce. Iska ke ratsa shi, ɗana. Kai da kake kiwon su ba ka lura ba?"

"Talatin da shida a gefen sanyi." Ya miƙe yana girgiza kai. "Wannan ai tanda kika haɗa. Saura ki sa masa gishiri da albasa."

"Ba ka ce ɗan hamada ba ne?"

"Ko a hamadar akwai inuwa, Inna. Shi ba ya gumi irin namu. In ya ji sanyi ya hau dutse ya sha zafi, in ya ishe shi ya sauka ya koma can ya huce, anjima ya dawo da ƙafarsa. Kika hana shi wurin hucewa, zai buɗe baki yana haki har ya mutu." Ya dafe kwalin da ke ƙirjinsa. "Ba zan bar shi a nan ba."

Garin neman gira an rasa ido. Stanka ta juya wajen jikarta don ta yi bayani, sai ta ga fuskar yarinyar ta yi ja.

"Na ce kada ki taɓa! Abu ɗaya tak na roƙe ki! Kullum haka kike. Sa rigar sanyi, ƙara abinci, rufe taga, kada ki zauna a ƙasa, ina za ki tun yanzu. Mutum ko numfashi ba ya iya yi a gidan nan. Shi ya sa ma Baba..."

Ta haɗiye sauran, amma Stanka ta ji shi duka. Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai, kuma abin da ya fi ciwon shi ne ta rasa inda za ta ce ƙarya ne. Ta tuna yadda Velibor yake fita baranda shan taba a tsakiyar hunturu, ya daɗe bayan tabar ta ƙare.

Ta nufi akwatin. Ta yaye mayafin, ta zaƙulo audugar da allurar saƙa, ta murɗe bututun ɗumi. Sannan ta je ta buɗe tagar falo. Ta tsaya jim, ta wuce ta buɗe ƙofar baranda da ke fuskantarta. Labule ya tashi, takardun kan tebur suka zube.

"Kaka, promaya," in ji Isidora, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Na gan ta, mun san juna." Ta ja kujera ta nuna wa Ratko. "Zauna ka ci abinci, ɗana. In ka gama ka sake duba lambarka. In ba ta yi ba, ka tafi da abinka, ba zan riƙe ka ba."

Ratko ya dubi agogo, ya dubi tukunyar, tukunyar ta yi nasara. Ya ci sarma biyar, ya sha kofi biyu, yana yi wa Isidora bitar gyare nawa za ta ba shi a rana da irin ganyen da ba a ba shi. Da ya koma gaban akwatin, gefen sanyi ya sauko ashirin da bakwai. Ya tura tagar ya bar ta a ɗan buɗe, ya ce ta wannan fuskar tsohuwar tana da 'yar gaskiya, ba a son iska ta riƙa dukan gilashin kai tsaye. Sannan ya buɗe kwalin.

Ɗan abu ne da bai fi tsawon cokali ba, kalar ƙasa, da ƙayoyi a haɓa. Ya hau dutsen ya baje ciki, ya ɗaga kai yana kallon Stanka da ido ɗaya kamar shi ne mai gidan. Can sai ya sauka, ya ja jiki zuwa ɗaya gefen, ya shige kogo.

"Ya bar ɗumin," Stanka ta faɗa, hannunta har ya fara tashi.

"Ƙyale shi, Inna. Ya san hanya."

Da la'asar Isidora ta ɗauki jakarta. Rigarta a buɗe, wuyanta a waje, ga gyalen ulu rataye a jikin ƙofa daidai hannun kakarta. Stanka ta kai hannu ta taɓa shi, ta bar shi a inda yake. Ba ta kuma tambayi yaushe za a dawo ba, duk da tambayar na cin ta.

Yarinyar ta sauka matakala huɗu, ta tsaya.

"Kaka, gobe ƙarfe biyu. Ki rage mini sarman nan, mutumin nan ya kusa cinyewa."

Stanka ta koma falo ta zauna. Iska na taɓa mata ƙeya, ta tabbata gobe wuyanta zai gaya mata. Ƙadangaren ya riga ya dawo kan dutsensa, ita kuma ba ta tashi ta rufe tagar ba.