A Ƙarƙashin Ƙyallen Ran-ju

…kuma a karkace yake. Ba mai faɗa musu ne? Gefen hagu ya fi na dama sauka, sunanki ya rinjaya kamar zai zubo a kan tiren awarar Mai-tofu. Maza biyu a kan tsani, ɗaya a ƙasa yana ba da umarni da hannu. Na ƙasan kuwa yayanki ne, Ran-ju. Byong-ho. Da kwat ɗinsa mai ruwan toka, da wuyan nan da abincin ofis ya kumbura. A ɗaga kaɗan, a ɗaga kaɗan… Shi ne ke ɗaga sunanki sama yau. Ki ji fa.

"Muna taya 'yar gundumarmu, Pyo Ran-ju, murnar ciyo lambar yabo ta duniya." Da kaina na karanta, gaɓa-gaɓa, da yatsa a iska. Ƙyalle ya ratsa titin kasuwa daga wannan bango zuwa wancan. An sami wurin sunan shugaban gunduma. An sami wurin furanni har biyu. Sunan littafin ne kawai bai samu masauki ba. To lambar me ta ci? Gudu? Kokawa?

Jatan lande, e, na bana ne, gishirinsa ya kama — ɗanɗana mana, baiwar Allah, ba a sayen na kimchi da ido. Ba saye ta zo yi ba. Kallona ta zo yi. Tun safe haka suke zuwa, a tsakiyar lokacin haɗa kimchi, jiƙaƙƙen kabejin yajin da za a ci duk hunturu, ɗanyen kabeji na jiransu a gida, amma sun tsaya suna leƙen fuskata ko za su ga inda basira ta fito. Maman Ran-ju, Maman Ran-ju. Tun da na haifi Byong-ho kasuwar nan Maman Byong-ho take kirana. Shekarun da sunanki ya zama garwashi kuwa, har ƙara ƙarfin murya suke in za su faɗa, don in san wane ɗa aka yarda in haifa. Yau Mai-tofu ta washe haƙoranta na roba, wai, "Yaya, ni dama tun tana goye na san yarinyar nan ba ta nan ba ce." Na ce, ke da kika hana jikarki gaishe ta a hanya? Ta ce, "Haba Yaya, ke ba kya mantuwa?" Ba na yi. Abin da na mallaka ke nan.

Da rana ta take tsaka zai zo. Shugaban gunduma, da mai hoto a bayansa. Ni a tsakiya, shi a dama, Byong-ho a hagu, ƙyalle a sama. Matar yayanki har ta kawo min hanbok, rigar bikinmu ta gargajiya, a leda, ga shi can a kan duro, ruwan hoda, kamar za a kai ni ɗakin miji…

"Umma, 'yar tsayuwa ce kawai. Ki yi murmushi, kada ki ambaci littafin, shi ke nan." Jiya ke nan, ya durƙusa a tsakanin durorin nan, wandonsa na shan ruwan gishiri. "An ce in kawo ki. In ban kawo ki ba, sun san ma'anarsa. Saura kaɗan in yi ritaya, Umma. Yara biyu a jami'a." Namiji mai furfura a kunne, yana murza hannu kamar ƙuda.

Ke kuma a waya, daga ƙasar nan taku mai sanyi, muryarki a bushe kamar kifin rataye — "Umma, in kika tsaya ƙarƙashin ƙyallen nan kusa da Byong-ho, ki goge lambata. Ba wasa nake ba." Na ce, ni na iya gogewa ne, 'yar nema? Yayanki ke goge min abubuwa a waya. Ba ki yi dariya ba. Ba ki taɓa iya dariya ba, tun kina ƙarama, kallo kawai, kallo, kina tara abu a ciki kamar kaza mai kwanci.

Yayanki ɗin ne, ai na sani. Ba sai kin tuna min ba. Shi ya bi makarantun gundumar nan ɗaya bayan ɗaya da motarsa, yana sauke littafinki daga kanta yana zubawa a kwalin taliya. Wai yana ɓata tunanin yara. Wa ya ce? Daga sama. Wane saman? Ba takarda, ba sa hannu, waya kawai aka buga — kullum waya ake bugawa. Sai gayyata ta daina zuwa. Sai mai buga miki littafi ya daina ɗaukar kiranki. Sai tallafin da aka riga aka yi miki alkawari ya narke a hanya, ba wanda ya hana, ba wanda ya bayar. Kina tambaya, ana sunkuya miki da ladabi. Ba su ɗaure ki ba, ba su mare ki ba. Da ma sun mare ki, ko kya samu tabon nunawa. Suka bar ki kina magana a ɗaki ba kowa, har kika haɗa akwati.

Ya kawo min kwali guda ya tura bayan duro. "Umma, ajiye, kada kowa ya gani." Kin san wannan? Bai ƙona ba. Matsoraci ne, ko mugunta bai iya yi ta cika ba. Suna nan, sun sha warin jatan lande, ko Bature ya buɗe sai ya yi atishawa.

Na karanta. A'a, ba ki tambaya ba. Ba ki taɓa tambaya ba — kin ɗauka har yanzu farashi kaɗai nake iya karantawa. Ni da na koyi baƙi daga jikin buhun gishiri da rubutun ƙasan talabijin, ba malami, ba allo. Hunturu guda na yi a kansa. Na ga ubanki a ciki. Shekarar da sojoji suka kwashe mazan bakin teku, ya dawo kunne ɗaya a mace, yana fitsari a kwance. Kin rubuta. Na ga kaina — "matar da warin teku ba ya barin fatarta," tana wanke rigar jini a bayan gida, tana ce wa yara daga jirgi ya faɗo. Kina ina kika gani? A bayan tulun miya kika laɓe? Wa ya ba ki izini? Gwamnati ta ce a yi shiru, ni ma na ce a yi shiru, kuma ba don ina son gwamnati ba. Da shirun nan kuka ci shinkafa. Da shi kika yi makarantar da kika koyi tona ni.

Amma tsaya, tsaya… Ina daren — a'a, da rana ma yake yi — ina ranakun da ubanki yake juya min mataccen kunnen, don kada ya ji kukana, sannan ya ɗauki itacen bugun wanki? Ina haƙorina na gefe? Na bi littafin daga bango zuwa bango ina nema. Babu. Ubanki a ciki tsarkakakke, shiru-shiru, yana kallon teku kamar gunki. Kin yanke. Ke ma kin yanke, Ran-ju! Ba wanda ya buga miki waya, kika ɗauki almakashi da kanki, don labarin ya fi daɗin kuka. Sai su can su tashi tsaye su yi ta tafi, da gashinsu fari da hancinsu ja, suna share hawaye a kan mijina cikin harshen da bai taɓa ji ba. Da sun zauna tebur ɗaya da shi sun ji yadda yake zuƙar miya, da sun canja wuri.

Ba ina cewa ƙarya kika yi ba. Gaskiya ce, duk abin da ke ciki. Shi ya sa suka tsorata. Har gobe littafin yana kulle a ɗakin baya na laburare, sai babba, sai ya nemi izini, sai ma'aikaciya ta dube shi sama da ƙasa. Sunanki a titi, littafinki a kurkuku. Sun ga Turawa sun lasa sun ce da daɗi, sai suka tuna a gonarsu aka shuka. Kuma suna son tsohuwa a ƙasan ƙyalle, da kayan biki, don duniya ta ga ba a taɓa yin komai ba. Na gane. Ba sai mai digiri ya fassara min ba. Ke ce mai gaskiya. To sai me? In dafa gaskiyar in ci?

Gwiwar nan… wa ya kai ni asibiti da ta kumbura? Wa ke zuwa ya duba tukunyar ɗumama ɗaki in sanyi ya shigo? Ranar tunawa da ubanku wa ke jera shinkafa da miya da kifi, ya zuba giya, ya kai goshi ƙasa? Ke kina aiko da hoton furanni. In na mutu fa? Wa zai jera min tebur? Fatalwa ba ta hawa jirgin sama, Ran-ju. Ba zan tsallaka teku da yunwa in zo in ci burodi da cuku a ƙasar da ban san hanyar gidanki ba.

Kina da duniya. Duniya guda tana kiran sunanki, ko da ba ta iya faɗinsa daidai ba. Yayanki me yake da shi? Kujera, da katin wuya, da mata mai ƙirga masa kofin giya. In aka cire kujerar ba abin da zai rage, kwat ce kawai za ta zube a ƙasa. Ke ko an tsige ki kina tsirowa, na gani — sun tsige ki, kin je kin tsiro a kan dutse. Na haifi ɗaya da ƙashi, ɗaya ba ƙashi. Wanne uwa za ta tallafa? Mai tsayuwa da kanta?

Ji ni. Ji yadda nake jera dalilai kamar kifi a tire, manya a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa. Haka shi ma ya jera nasa a cikin mota, da kwalayen a baya. Yara biyu. Daga sama ne. In ban yi ba wani zai yi. Ashe ba wuya. Ashe haka yake da sauƙi — ba a jin komai…

Baƙar mota. Ta tsaya a bakin kasuwa, don ba ta shiga lungu. Ga shugaban ya fito, gajere ne ashe, ya fi tsawo a takardar zaɓe. Byong-ho na gudu, gudu fa, da tumbinsa, yana sunkuyawa tun daga nesa. Mai-tofu ta shafa jan baki. Yaushe? Don wa?

Ba zan sa ruwan hodar nan ba. Wannan kam a'a. Da rigar robata zan je, da takalmin ruwa, in suna son uwarta ga uwarta, su shaƙa. Kin ga ai na yi wani abu. Kin gani? …Ba komai ba ne, na sani. Mai hoto zai yanke daga ƙirji zuwa sama.

Wayar. Tana rawa a aljihun gaba, a kan marata. Ke ce. Ba sai na duba ba, wa ke kirana da rana tsaka in ba mai bin diddigi ba? Can wajenku ko gari bai gama wayewa ba, kin tashi kin zauna kina jira ki ji wace irin uwa gare ki. In ɗauka in ce me? Ina hanya? Ban tafi ba tukuna? Ƙafata ɗaya na waje?

"Umma." Hannunsa a gwiwar hannuna. A jiƙe. Ya ƙanƙame ni kamar ranar da na fara kai shi makaranta ya riƙe min zani ya ƙi saki. Bai dube ni ba. "Umma, don girmanki…" Zan iya fizgewa. Ƙarfin da ke ɗaga duro bai ƙare ba. In fizge, in koma in zauna, in ɗauki ludayi, in ce wa gajeren nan ya buɗe ɗakin baya tukuna. Zan iya. Yanzu ma zan iya. Ƙafafun ne ke tafiya, ban aike su ba — ɗaya, ɗaya, a kan ruwan kifi, mutane na darewa, ana tafi. Ni ake yi wa tafi? Haka kike ji a can? Sanyi ne da shi.

Daga nan ƙasa ba a iya karanta komai. Ƙyalle ne kawai yana kaɗawa, da igiya. Shugaba ya kama hannuna da hannu biyu, taushi kamar tofu, ya ɗan ja numfashi ya riƙe. Ya shaƙa. To madalla.

Tana rawa har yanzu. Yi haƙuri, ko kada ki yi. Ki rubuta wannan ma, kin iya. Kada ki yanke komai wannan karon, ki sa takalmin ruwan, ki sa hannun yayanki, ki sa —

"Kaka, ɗago kai kaɗan. Yauwa. Kowa ya washe baki ya ce kimchiii…"

Ta daina. Wayar ta daina.

Ƙila cajin ne. Ƙila za ta sake… Bakina a buɗe, iska na shiga ta gurbin haƙorin, mai hoto yana cewa a ƙara ɗaya, wai na rufe ido.