Irin Sirajo

Tun da Sirajo ya rasu, kalma ɗaya ce ta rage a bakin matarsa, Dakta Maijidda, ita ce "to". A ce mata ga abinci, ta ce to. A ce tashi ki yi wanka, 'yan gaisuwa sun zo, ta ce to. Wallahi da za ka ce mata rufin ɗaki zai rufto, to ɗin za ta ce maka, ta ci gaba da kallon bango. Ko ranar da aka kawo gawarsa daga hanyar Kano ba ta yi kuka ba, har mata suka fara ƙus-ƙus wai taurin zuciya ne irin na 'yan boko. Allah sarki, ba su sani ba ne. Ji ne kawai ba ta yi, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Su biyun suna da kamfani a Gumel. Sunan dai kamfani ne, amma ɗaki uku ne da firji mai aiki da sola, sai ma'aikata 'yan kaɗan. Abin da ke cikin firjin ne ya sa ake kiransa kamfani. Shekarun baya Maijidda ta lura da wata gona a Sule Tankarkar da ƙuduji ba ya fitowa a cikinta, alhali duk gonakin da ke kewaye ya cinye su. Duk wanda ya taɓa noma gero ya san ƙuduji, ciyawar nan mai kyakkyawan fure da mugun hali, wadda ke kama saiwar gero ta tsotse shi tun yana ƙarami. Ta ɗebo ƙasar gonar, ta yi ta bincike, har ta gano wata funfuna ce a ciki take kashe ƙudujin. Ta raine ta a kwalabe, daga baya ta samo yadda za a manna ta a jikin ƙwayar iri da ruwan ƙaro. Manomi ya shuka kawai, funfuna ta tsare masa saiwa.

Shi Sirajo ba masanin kimiyya ba ne, ko sunan funfunar ba ya iya faɗa daidai. Amma shi ne mai tsara yadda za a riƙe abin. Ya raba shi gida biyu. Dabarar manna funfuna a jikin iri, wannan za a yi mata rajistar mallaka a hukuma, yadda ba mai kwaikwayo sai da izininsu. Ita kuwa funfunar da yadda ake rainonta, ba za a bari ta fita ba sai rajista ta kammala. Akwai wani babban kamfanin iri a Kano da ke jiran rajistar ta fito ya ɗauki lasisi. Kullum maganarsa ɗaya, har ma'aikata suna kwaikwayonsa a bayan ido: "Ba a faɗa, ba a nuna, ba a sayar, sai takarda ta shiga. Abu mai rai ne. Ƙwaya ɗaya ta fita, duk mai ɗakin gwaji zai raini tasa."

Tsabar tsantseni ma, buhunan irin da aka shafa wa funfuna don gwaji bai yarda a bar su a kamfani ba. Gida ya kawo su, ya kulle a ɗakin baya, wai nan ne ba mai taɓawa. Dawowarsa daga wurin lauya a Kano ne, kan maganar rajistar nan, motarsu ta yi haɗari.

Damina ta zo ta wuce Maijidda na takaba. Ta fita takaba, ta koma kamfani, tana zama a kujerarsa tana sa hannu a duk abin da aka miƙo mata.

Wata ranar Alhamis da kaka, Barista Abdulfatah, lauyan kamfanin, ya zo da kansa daga Kano. Ko zama bai yi ba.

"Dakta, ki taso mu je Maigatari. Akwai abin da nake so ki gani da idonki."

"To," in ji ta.

Kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kowa ya san yadda take. Shanu da raƙuma, manyan motoci sun toshe hanya, 'yan acaɓa na kutsawa ta inda ko akuya ba za ta bi ba, mutanen Damagaram na ciniki da sefa. Barista ya ja ta har layin 'yan hatsi, ya tsaya gaban wani dattijo mai fara'a da ake kira Sajo. A gabansa akwai kwano cike da gero mai ɗan ƙyalli, kamar an shafa masa mai. Maijidda ta gane shi tun daga nesa, ƙyallin ƙaro ne, ita ta dama shi da hannunta.

"Hajiya, irin Sirajo ne," in ji Sajo, bai san da wa yake magana ba. "Ƙuduji ba ya kusantarsa. Ni na shuka a gonata, na gani. Ragowar ce nan na bi na tattaro daga hannun mutane, saura kaɗan ma, wancan makon wani mai babbar mota ya kwashi da yawa ya tsallaka iyaka da shi."

Barista ya sha mur. "Malam, a ina ka samo?"

"Sadaka ce fa, Alhaji. Mahaifiyarsa ce ta raba a Gagarawa, farkon ruwa. Allah ya jiƙan bawan Allahn nan, ban taɓa ganinsa ba, amma kullum sai na yi masa addu'a."

Maijidda ta ce amin. Ta tsaya tana kallon wani ƙuda da ke yawo a bakin kwanon. Ta san ya kamata gabanta ya faɗi, ta jira, bai faɗi ba.

A mota Barista ya kashe rediyo ya juyo gare ta. Mutumin kirki ne, abokin Sirajo tun makaranta, sai dai idan ransa ya ɓaci magana yake kamar yana gaban alƙali.

"Dakta, ki saurare ni da kyau. Rajistar mallaka sabon abu ake yi wa. Abin da ya riga ya shiga kasuwa, ana auna shi a gwangwani, ya tashi daga sabo. Mutanen Kano idan suka ji, sun janye. Aikinki na shekaru, da abin da Sirajo ya mutu a hanyarsa, duk sun tafi." Ya yi ajiyar zuciya. "Ƙofa ɗaya nake hangowa, ita ma ƙarama. Mu nuna cewa kamfani bai saki irin nan ba, ɗauka aka yi ba da izini ba. Ke za ki rantse a kotu kan haka, a ambaci sunan wanda ya ɗauka. Ba wai za a ɗaure kowa ba. Suna kawai ake bukata."

"To."

"Kin san wa ya ɗauka?"

"To," ta sake cewa, sannan ta lura ba amsar tambayar ba ce.

Suka kama hanyar Gagarawa. Gefen hanya duk an yanke gero, an jera dammuna. Maijidda na kallo ta taga, wani abu na ɗan motsi a can ƙasan tunaninta. Wata safiya ce ta takaba, an yi ruwan farko, ƙasa na ƙamshi. Iya, mahaifiyar Sirajo, ta tsaya a bakin ƙofa tana magana, tana nuna ɗakin baya. Abin da ta ce, Maijidda ba ta riƙe ba. Amsar da ta bayar kuwa ba sai an gaya mata ba.

Sun tarar da Iya a tsakar gida tana tsince wake. Tsohuwa ce 'yar firit, mai kaifin ido. Sirajo ne ɗanta na fari, don haka tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba, "yaron nan" take cewa har ya yi furfura. A jikin bangon ɗakinta an jingine dammunan gero masu yawa, ga shi Iya ta daɗe da barin noma.

Maijidda ta durƙusa ta gaishe ta. Barista ya gaisa daga tsaye, sannan ya ga bai dace ba, ya tsuguna.

"Kin ga abin arziki?" in ji Iya, tana nuna dammunan. "Mutane ne ke kawowa. Wannan daga Gagarawa Tasha, wancan daga wajen Sule Tankarkar. Kowa ya zo sai ya ce bana bai ga ƙuduji ba. Na ce ku daina kawo mini, ni me zan ci, ku dai yi masa addu'a. Ai shi ya sa ban ba da na ci ba, na ce a ba da na shuka. Sadakar abinci a cinye a manta. Iri kuwa duk shekara yana kai masa lada."

Barista ya gyara murya ya yi mata bayani, a hankali, da Hausar da tsohuwa za ta gane. Ya faɗi rajista, ya faɗi mutanen Kano, ya faɗi ma'aikatan da ke cin abinci a kamfanin. Iya ta ajiye faifan wake. Ta dubi Maijidda.

"Ai na tambaye ki, 'yar nan. Na ce buhunan nan na ɗakin baya, yaron nan ya taɓa gaya mini iri ne mai kyau, in raba masa sadaka? Kika ce to. Ke kika nuna mini inda mabuɗi yake."

Maijidda ta sunkuyar da kai. Wata kaza ta zo ta fara tsattsagar waken, ba wanda ya kore ta.

"Wannan ba sai kotu ta ji ba, Iya," in ji Barista, murya ƙasa-ƙasa. "A lokacin ba ta cikin hayyacinta, kowa shaida ne. Abin da ake so a ce kawai, an ɗauka ba da izini ba."

"Wato sata."

"Ba haka za a rubuta ba."

"Ɗana, na tsufa amma na san sunan abin da aka ɗauka ba izini." Iya ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Ashe ɓarna na yi masa. Ina murna ina kai masa lada, ashe aikinsa nake rushewa." Ta juyo ga Maijidda. "To ki je ki rantse. Ki ce ni ce. Ki ce ɓarauniyar tana Gagarawa, ta ɗauki mabuɗi kina kwance. Ni me ya rage mini da suna? In dai aikin Sirajo zai tsaya, a kira ni duk abin da za a kira ni."

Sai da maganar ta fita sannan Iya ta ji abin da ta faɗa, ta sa hannu ta rufe bakinta. Maijidda ta ɗago kai. Duk zamanta da gidan nan, yau ne ta fara jin sunan daga bakin wadda ta haife shi, kuma a kan wannan magana.

Barista ya sauke numfashi, ya fara laluben mabuɗin mota a aljihu. "Alhamdu lillahi. Iya ta sauƙaƙa mana. Dakta, Litinin sai ki shigo Kano mu je kotu, ko?"

Ya riga ya miƙe, don ya san amsar. Kowa a Gumel ya san amsar.

Maijidda ta buɗe baki. Kalmar da ta saba tana nan a kan harshenta, a shirye. Ta dubi dammunan da ke jikin bango, ta dubi tsohuwar da har yanzu hannunta ke kan bakinta. Ta san sarai abin da zai biyo baya: mutanen Kano za su janye, rajista ta mutu, firjin nan wata rana a kashe shi.

"A'a," in ji ta.

Muryar ta fito a dishe, kamar ta wadda ta tashi daga dogon ciwo. Barista ya tsaya da mabuɗi a hannu.

"Dakta, kin fahimci abin da..."

"Na fahimta. Ni na ce mata to. Iya ba ta saci komai ba."

Ta rarrafa ta matsa kusa da tsohuwar, ta cire mata hannun daga baki, ta riƙe shi. Sai a lokacin ta ji wani zafi ya taso mata daga ƙirji, irin zafin da ƙafa ke yi idan jini ya fara dawowa. Kukan da mata suka yi ta jira tun ranar da aka kawo gawa, a tsakar gidan Iya ya zo, kaza na cin wake a gefensu.